Tuwo Da Miya, Fura Da Nono, Kokon Jariri Da Me?

Jawabin kwamitin lafiya da walwala a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Shugabarmu da sauran shugabanni, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka bar harkokinsu suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan abin da ya shafi gida, sai muka zaɓi hatsi. Da yawanmu jarin da muka karɓa a ƙungiyar nan cikin hatsi muka zuba shi. Wata tana saye da kaka ta ajiye zuwa bazara, wata fura take yi, wata waina a ƙofar gida, wata kunun zaƙi ake kai mata tasha. Kuma tun daga safe har dare shi ne a bakinmu: koko da safe ko ɗumame, fura da rana, tuwo da dare, ga dambu, ga fate, ga burabusko. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, duniya tana ta yabon abin da mu muka buɗe ido muka tarar a rumbu.

To, ga abin da muke so mu lura da shi tare. Babba a cikinmu ba ya cin hatsi tsura. Tuwo sai da miya, kuma miyar nan akwai daddawa, akwai kuka ko kuɓewa, akwai mai, in an samu hali da nama ko kifi. Fura sai da nono. Koko sai da ƙosai. Kunu a sa masa gyaɗa. Ɗanwake ma sunansa ya faɗi abin da ke ciki. Iyayenmu ba su shiga ajin kimiyya ba, amma sun haɗa daidai. Hatsi yana ba da ƙarfin aiki, sai dai furotin ɗinsa, wato abin da ke gina tsoka da jini, yana da giɓi, akwai wani ɓangare da ake kira laisin wanda ya yi masa ƙaranci. Wake da gyaɗa da waken suya da nono su ke cike giɓin, musamman wake da nono. Mutum ɗaya ne a gida ake ba hatsi shi kaɗai babu mahaɗi, kuma shi ne wanda ya fi kowa buƙata, wato jaririn da aka fara ba abinci.

Mu bi kokon nan daga farko. Mun jiƙa gero ya kwana, mun kai inji an markaɗa, mun tace da ƙyalle. Abin da ya rage a ƙyalle mun zuba wa akuya. Mun bar ƙullu ya kwanta, mun tsiyaye ruwan sama, gasara ta fito fara sol. Amma a ɓawon ƙwayar da ɗan idon nan nata ne yawancin sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yake, da zinki, da bitamin na rukunin B. Abin da ya kwanta a ƙasan roba yawancinsa sitaci ne. Ke nan akuya ta tafi da rabo mai kyau. Sannan da aka dama wa manya, sai a ɗebi na jariri a ƙara masa ruwa ya tsinke, don ya wuce ta bakin fida ko ya yi sauƙin ɗura.

Ba muna cewa jiƙo da tsami laifi ba ne, a'a. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami yana rage wani abu a cikinsa da ke hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, kuma ƙwayoyin cuta ba sa saurin yaɗuwa a abu mai tsami. Wannan hikima ce, mu riƙe ta. Matsalar tana wajen yawan tacewa da yawan ruwa da rashin mahaɗi.

Ku dubi ledar fiya wata, rabin lita ce. Cikin yaro ɗan wata takwas bai kai ya ɗauki rabinta ba a zama ɗaya, kusan mililita 200 ne. In muka cika wannan ɗan wuri da tsinkakken koko, yaro zai ƙoshi, zai yi gyatsa, zai yi barci, uwa ta ce alhamdulillahi ya sha. Alhali ruwa ya sha. Bayan wata uku sai a ga yaron da aka haifa ɓulɓul ya fara zubewa, gashi ya yi ja, ya yi laushi, kullum rigima. Sai a ce haƙori ne, ko a ce mayu, ko a ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 37 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kuwa 57 ne cikin 100. Yankin da ke ciyar da ƙasa da gero da dawa ke nan fa. Kuma yawancin wannan tsumburewa tana faruwa ne kafin yaro ya cika shekara biyu, bayan nan da wuya a maido abin da aka rasa.

Kafin mu zo ga gyara, sai mun taɓo iyayenmu kakanni, kuma muna neman afuwa tun yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatan asibitocinmu duk maganarsu ɗaya ce: wata shida na farko nono zalla, ko ruwa babu. Mun san abin da za ku ce, Inna, wannan zafi na watan Afrilu, a bar yaro da ƙishi? Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, in zafi ya yi sai a ƙara ba shi nonon, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Dakashin farko da ake matsewa a zubar shi ne rigakafinsa na farko. Zuma kuma a dakata da ita sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai isa ya yaƙe ta ba. In wata shida ya cika, ajiyar sinadarin ƙarfen da ya zo da ita daga ciki ta fara ƙarewa, nono shi kaɗai ba ya isa, a nan ne kunu zai shigo, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu.

Wane irin kunu? Mai kauri. Ki ɗiba a cokali ki karkata shi. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya yana sauka a hankali, ya yi. Za ki ce ai ba zai iya haɗiyewa ba. Ɗan wata shida yana iyawa, in aka bi shi da cokali da haƙuri. Kuma akwai dabara a hannunmu, masu kunun zaƙi sun fi kowa saninta. Da tsohuwar zuma ake magani, ko da yake yanzu muka hana zumar. Tsiro muke nufi. Kun san in aka zuba ɗan tsiro a ƙullu mai kauri, sai ya saki ya yi zaƙi ba tare da an ƙara ruwa ko sukari ba. Haka yake yi wa kunun yaro. Ki dama kununki da kauri sosai, ki sauke ya ɗan huce, ki zuba garin tsiro kamar rabin ƙaramin cokali ki juya, nan da 'yan mintoci zai yi laushi, sai ki mayar wuta ya tafaso sau ɗaya. Garin da ke ciki yana nan da yawansa, amma ya zama mai sauƙin haɗiya. Yin tsiron ba wuya: a jiƙa gero ya kwana, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu mai tsabta a rufe, ana yayyafa ruwa kwana biyu zuwa uku, a shanya ya bushe ƙarau, a murje saiwar da ɗan tohon a bakace, a niƙa. In da dawa za a yi, murje tohon nan dole ne, domin sabon tohon dawa yana da guba. Makiyaya sun sani, shi ya sa ba sa barin dabba ta faɗa wa gyauron dawa. Mu dai mun fi ba da shawarar gero.

Sai mahaɗi. Garin da wasunmu suke yi a gida, wanda a asibiti za ku ji ana ce masa Tom Brown, shi ne hanya mafi sauƙi. Awo uku na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya, awo ɗaya na waken suya ko wake, da ɗan gyaɗa. A wanke hatsin a shanya a soya sama-sama, ba sai an surfe shi ya yi fari ba. Waken suya kuwa sai an kula, ɗanyensa yana ɓata ciki: a tafasa shi sosai, a murje ɓawon, a shanya, a soya har ya yi ƙamshi. A niƙa gaba ɗaya ya yi laushi, a zuba a mazubi mai murfi. Kada a yi da yawa, gyaɗar da ke ciki tana sa shi ya canja wari in ya daɗe. In an dama, a ɗiga ƙaramin cokali na man ja ko man gyaɗa. Yau a sa garin busasshen kifi, gobe a murje dafaffen ƙwai, jibi garin zogale ko ɗan hanta da aka dafa aka daka. Maganar wai in yaro ya ci ƙwai zai yi sata, mun ga ɓarayi da yawa, ba mu taɓa jin wanda aka ce ƙwai ne ya lalata shi ba. Ƙwan kazarki ɗaya da za ki sayar ki sayo biskit, yaron ya fi biskit ɗin buƙatarsa.

Lemo, gwanda, mangwaro, garin ɗan kuka, duk suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi. Shayi kuwa hana shi yake yi, don haka shayi da burodi ba karin kumallon ɗan shekara ɗaya ba ne. Kanwa ma tana kashe wani bitamin na hatsi, ba ta da wuri a kunun jariri. Ko ga mai jego a sassauta, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Abincin gwangwani na kanti ba mu ce ba shi da kyau ba, an ƙara masa sinadarai. Amma kuɗinsa ya sa ake ɗibar cokali ɗaya a cika kofi da ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata. An koma gidan jiya, tsinkakken koko mai tsada.

Yanzu ga wadda ta shafe mu a matsayin 'yan kasuwa, kuma ita ce ta fi mana nauyin faɗa. In muka tsince gyaɗa ko masara, mai kyau ta tafi kasuwa, wadda ta yi baƙi, ta motse, ta yi fumfuna, ina take zuwa? Cikin gida. A yi ƙuli, a yi kunu. Fumfunar nan tana fitar da guba da ake kira afalatoksin, tana cin hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Ƙwayar da ba za ki iya nuna wa mai saye ba, kada ta shiga garin ɗanki. A daina shanya a ƙasa tsura, a samu tabarma ko tamfol, a tabbata hatsi ya bushe kafin a ɗure. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba sai an zuba magani ba. Ya fi buhun gama-gari tsada, amma ana maimaita amfani da shi matuƙar bai huje ba.

Yawan ci kuma, daga wata shida zuwa takwas sau biyu ko uku a rana, a fara da cokali biyu zuwa uku ana ƙarawa. Daga wata tara, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. In ya shekara ya shiga tuwon gida, amma a sa masa a kwanonsa, da miya sosai, a zauna da shi. In aka haɗa shi da yayyensa a kwano ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun share. Ɗura kuma, a toshe hanci a zuba, mu bar ta, kunu yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Fida tana da wuyar wankewa, kofi da cokali sun fi. Kokon da aka dama da safe ya wuni a buɗe ba na yaro ba ne. In kuma kika ga ƙafafunsa sun kumbura, ko ya rame ya ƙi cin komai, wannan ya wuce kunu, asibiti za a kai shi a auna damtsensa.

Iyayen gida, ba mu manta da ku ba. Duk abin da muka lissafa, gwangwanin waken suya ne da ɗan kifi da ƙwai. A sa shi cikin kuɗin cefane. Kuma tsokar nan da ake tsamewa a ajiye a kwanon maigida, in kun ce a yanki kaɗan a daka wa ƙaramin, babu matar da za ta ƙi.

Kwamitinmu yana kawo shawara gaban shugabanni cewa ƙungiya ta sayi hatsi da waken suya da kaka lokacin da suke araha, mu riƙa yin garin nan tare, mambobi su saya a kan kuɗin da aka kashe. In ya karɓu har muna son mu ɗaure shi a leda mu kai kanti, to sai mun nemi rajistar NAFDAC, wannan kuma magana ce ta zama na gaba. Bayan an ci abinci za mu hura wuta a bayan rumfa mu dama kunun iri biyu, mai tsiro da marar tsiro. Mai goyo ta zo da kofinta da cokali.