KADA ALHAMIS TA CINYE AJI UKU

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar ga matasa a Gumel. Mun kawo shi domin amfanin sauran 'yan uwa. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, maganar da aka ɗora mani ita ce ta ƙannenmu da suke shiga ƙaramar sakandare amma ba sa kai wa ƙarshen aji uku. Ba maganar yaran rugage nake yi ba. Ina maganar yaran cikin gari ne, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda makaranta take kusa da ƙofar gidansu.

Tun 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi masa doka. Dokar ta ce karatun shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, har ta tanadi tara ko ɗauri ga uban da ya ƙi kai ɗansa. To amma takarda ba ta zaunar da yaro a aji. Mahukunta suna da nasu alhakin, na cunkoso da ƙarancin malamai, kuma ba za mu daina faɗi ba. Yau dai namu alhakin za mu duba.

'Yan uwa, yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Da Alhamis yake farawa. Ranar kasuwar Maigatari ce, dabbobi sun shigo daga Nijar, motoci sun taho daga kudu, yaro ya riƙe igiyar akuya ko ya yi dako, ya dawo da kuɗi a aljihu. Ga shi Islamiyya tana hutu ran Alhamis, sai ya ɗauka boko ma haka take. Uba ya ga yaro ya sayi sabulunsa da kansa, sai ya yi shiru. To ku yi lissafi. Kwana biyar ake karatu a mako, wanda ya bar ɗaya ya bar kashi ɗaya cikin biyar. A zango 9 na ƙaramar sakandare, kusan zango biyu ke nan ya zubar. Daga nan Laraba ta bi, don ana sauke kaya. Kaka ta zo, a tafi yankan riɗi da tsinkar zoɓo. Ya dawo aji ya tarar an wuce shi a lissafi, malami ya yi tambaya, yara su yi dariya, kunya ta kama shi. Rani na yi sai ka ji wai ya tafi Kano ko Legas. Shi ke nan, an rufe littafi a aji biyu.

Wani zai ce ai ga masu digiri nan suna zaune, gara a kama sana'a da wuri. Ba mu raina sana'a ba, Manzon Allah (S) ya yi kiwo ya yi fatauci. Amma ku tuna, an rufe iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Da kasuwa ta ja baya, wa ya fara jin jiki? Mai riƙe igiya. Shi ba jari, ba takarda. Kuma ko a cikin kasuwar, wanda ya iya canjin sefa da naira, ya iya karanta sikeli da rasit, ba a cutarsa kamar yadda ake cutar wanda bai iya ba.

Sannan jarrabawar aji uku ƙofa ce. Sai da ita ake shiga babbar sakandare, irin makarantar kimiyya ta Lautai da ke nan Gumel, daga can a wuce kwalejin horar da malamai da ita ma take garin nan, ko makarantar aikin jinya. Muna ƙorafi cewa babu namu a asibiti, babu namu a gaban allo. To daga ina za su fito in duk sun tsaya a aji biyu?

Wani kuma zai ce boko tana ɓata tarbiyya. Akwai abin gyara a cikinta, shi ya sa muke riƙe da Islamiyya. Amma bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa, an ce ya koya wa yara goma na Madina rubutu a sake shi, alhali kuwa mushiriki ne. Manzon Allah (S) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, don kada a karanta masa wasiƙa a canza magana. Wanda bai iya karatu ba, duk abin da azzalumi ya karanta masa shi zai ɗauka.

Saboda haka ga aiki, kuma ba ya buƙatar ko kwabo. Na ɗaya, kowace unguwa a rubuta sunayen ƙannenmu da suke aji ɗaya zuwa uku. Na biyu, kowane ɗan uwa ya ɗauki yaro ɗaya, ran Alhamis da safe ya tabbatar ya shiga aji. Kasuwa tana ci har yamma, in ya zama dole ya je bayan an tashi. Na uku, waɗanda suka gama sakandare a cikinmu su ba da sa'a ɗaya bayan Isha'i, dare biyu a mako, a yi wa yara bitar lissafi da Turanci. Na huɗu, in uba ne ya cire ɗansa, kada a je masa da gatsali. A nemi dattijo ko limamin unguwa, a durƙusa a gaishe shi, a tambayi abin da ya gagara. In riga ce ko littafi, mu haɗa a tsakaninmu.

Kai kuma ɗan uwa da ka bari bara ko bariya, kada girman jiki ya sa ka ji kunya. Ka je ka ga shugaban makarantarku a wannan makon, ɗayanmu zai raka ka.

Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya shirya mana zuriyarmu.