Rasit da Takardar Garanti: Kada Mu Bar Haƙƙinmu a Shago

Jawabin 'yan ajin yaƙi da jahilci a taron cikar ƙungiyarmu shekara goma

  

Da aka ce 'yan aji su zaɓi abin da za su yi magana a kai, muka ce talabijin. Wasu suka yi dariya, wai ana bikin shekara goma, me ya kawo talabijin? To, kuɗi ne suka kawo shi. Kowace a cikinmu ta san zubin adashe nawa ake yi kafin a sayi guda ɗaya, ko na ɗaki ko na kayan auren 'ya. Idan ya lalace bayan wata huɗu, mace ta ce "haka Allah Ya so" ta sake biyan kuɗin gyara, alhali akwai takardar da ta ce gyaran kyauta ne, ai an ci guminta sau biyu.

Wannan takarda ita ce garanti. Alkawari ne kamfanin da ya ƙera kaya ya ɗauka a rubuce, cewa idan kayan suka samu matsala daga wajen ƙira a cikin wani lokaci, zai gyara ko ya sauya ba tare da an biya ko sisi ba. Yawancin sababbin talabijin shekara ɗaya ake ba su, wasu kamfanonin sukan ƙara. Amma alkawarin ba ya aiki sai da shaida biyu: rasit mai kwanan wata, da katin garanti mai hatimin shago da lambar kayan. Lambar nan tana manne a bayan talabijin, kuma kowane da tasa. Dole wadda ke jikin kati ta zama daidai da wadda ke jikin kaya.

Kun san talabijin ɗin da ƙungiya ta saya wa aji, wanda malama take nuna mana darasi da shi. Yana wata biyar sai ya fara ba da murya babu hoto. Aka ce a kira mai gyara na unguwa, mutumin kirki ne, kuma ba ya tsawwala kuɗi. Sakatariyarmu ta ce a dakata. Ta ɗauko katin daga jakar takardun ƙungiya, muka zauna muka bi shi layi-layi, inda Turancin ya yi mana nauyi malama ta fassara. Nan muka ga an rubuta cewa duk ranar da wani wanda ba ma'aikacin kamfani ba ya kwance bayan talabijin, garanti ya mutu. Da an bari ya sa sukundireba sau ɗaya, shi ke nan, magana ta ƙare.

Mu uku muka ɗauke shi a kwalinsa muka koma shagon da aka saya. Mai shago ya nuna mana ƙasan rasit, inda aka buga cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Muka ce, "Alhaji, mun gani. Ga kuma katin da ka buga wa hatimi da hannunka, shi ma a karanta." Ya dube mu, ya dubi katin, ya kwatanta mana ofishin gyara na kamfanin. A can ma ba a karɓe mu da hannu biyu ba. Na farko da ya duba ya ce wuta ce ta ƙona shi, kuma garanti bai shafi ɓarnar wuta ba. Muka ce tun ranar da aka kawo shi a kan sitabilaiza yake, amma idan sun tabbata wuta ce, su rubuta mana haka a takarda su sa hannu. Da aka zo maganar rubutu sai aka kira babban injiniya. Ya buɗe ya duba, ya ce fitilun da ke haska gilashin ta baya ne suka mutu, shi ya sa murya ke fita hoto ba ya fita, kuma wannan matsalar ƙira ce. Ba mu bar wurin ba sai da aka ba mu takardar shaidar karɓar kaya, mai lamba da kwanan wata. Sau uku muna komawa, muna riƙe da ita. Bayan mako uku aka ba mu abinmu garau, kuɗin mota kaɗai muka kashe.

Bayan haka muka nemi sanin me hukuma ta ce. A Najeriya akwai dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta shekarar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar da ake kira FCCPC, mai hedikwata a Abuja, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa tun 1992. Sashe na 132 na dokar ya ce idan kaya suka fito da aibi a cikin wata uku da karɓarsu, mai saye na da damar mayarwa, a gyara, ko a sauya, ko a ba shi kuɗinsa. Wato ko babu katin kamfani, doka ta ba ki wata ukun nan. Hukumar kuma ta sha bayyana cewa rubuta "ba a dawo da kaya" ba ya soke haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai aibi. Ana iya kai mata ƙara ta intanet, yaranmu sun iya. Jihar Kano ma tana da tata hukumar ta kare masu sayen kaya.

Yanzu ga abin da muke so kowace ta tafi da shi gida.

Na ɗaya, kafin ki miƙa kuɗi, a kunna miki a shago, ki ga hoto ki ji murya. A rubuta sunanki, da kwanan wata, da lambar kaya a rasit, a buga hatimi a kati. Idan mai shago ya ce zai rage miki kuɗi amma babu rasit, ki tuna araha ba ta ado.

Na biyu, irin rasit ɗin nan na inji, mai santsi, rubutunsa gogewa yake yi da zafi. Ki ɗauki hotonsa da waya ran nan, ki kuma yi masa kwafi. Kwalin ma kada a ba yara su yi wasa da shi.

Na uku, wannan na iyayen amare ne. Mukan sayi talabijin tun biki saura wata shida ko takwas, mu tura ƙarƙashin gado a rufe. Garanti daga ranar saye yake fara ƙirga, ba daga ranar jere ba. Ko dai a bar shi ya zama cikin kayan ƙarshe da za a saya, ko a buɗe a gwada tun a makon farko.

Na huɗu, mu san iyakar alkawarin. Gilashin da ya fashe, ruwan da ya shiga, tsawa, ko wutar da ta zo da ƙarfi, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar nauyinsu. Don haka a sa sitabilaiza, a cire soket idan an ɗauke wuta ko hadari ya taso, kuma kada a kunna shi sai janareta ya daidaita. Na hannu kuwa, ba kasafai yake zuwa da garantin kamfani ba. Abin da kuka yi da mai sayarwa, a rubuta shi.

Na biyar, kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki je da faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Murya ƙasa-ƙasa, takarda a hannu, ta fi hayaniya aiki.

Sannan mu dubi kanmu, don mu ma 'yan kasuwa ne. Mai atamfa, mai robobi, mai manja, mai kayan miya, duk akwai ranar da wata za ta dawo mana da kaya ta ce ba haka aka yi ba. Abin da muke so a yi mana a shagon kayan wuta, shi ya kamata mu yi wa wadda ta tsaya a gaban teburinmu. Idan yadi ya fito da tabo, a sauya mata. Kwastomar da kika sauya wa yau, ita za ta kawo miki 'yar uwarta gobe.

Muna da roƙo biyu ga shugabanni. A buɗe jaka ɗaya a wajen sakatariya, duk wadda ta sayi firji, ko keken ɗinki, ko injin markaɗe, ko talabijin, ta kawo kwafin takardunta a ajiye. A kuma zaɓi mata biyu daga 'yan aji da za su riƙa raka duk wadda kayanta suka samu matsala. 'Yan uwan da har yanzu suke jin kunyar shiga aji kuwa, benci yana nan, babu wadda ta girme wa karatu. Maza, ku bar su su zo.

Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya ba mu kasuwa mai kyau, Ya maimaita mana.