Aikin Bincike da Kwamfuta a Jami'ar KAUST: Ta Ina Ake Shiga?

Bayan shirin da ya gabata, wani ƙanina ya turo min saƙo, ya ce ya karanta lissafi, ya gama hidimar ƙasa, kuma kowa ce masa yake sai dai ya kama alli. To yau amsarsa zan bayar, da ta duk mai irin damuwarsa.

Akwai fannin da ake kira kimiyyar lissafi da kwamfuta. Abin da ba za ka iya gwadawa da hannu ba, kamar yadda guguwar ƙura ke tafiya, ko yadda ɗanyen mai ke ratsa duwatsu a ƙarƙashin ƙasa, sai ka mayar da shi lissafi, ka ba babbar kwamfuta ta warware. Kun ga ke nan mai lissafi da mai fiziks su ne 'yan gida a nan.

Bari in ɗauki misali guda: jami'ar KAUST ta Saudiyya. An buɗe ta a 2009 a garin Thuwal, bakin Bahar Maliya, arewa da Jidda. Ba ta yin digirin farko, daga na biyu ne zuwa digirin digirgir, kuma da Turanci ake karatu. Tana da gagarumar kwamfuta mai suna Shaheen, wato shaho. Ta biyu a jerinsu ta zo ta bakwai a duniya a 2015. Irin wannan na'ura ba ta aiki da kanta, mutane take buƙata.

Matakan aikin kamar tsani ne. Na ƙasa shi ne ɗalibin bincike: ba ka biyan kuɗin makaranta, ana ba ka masauki da alawus duk wata. Sai mai binciken da ya gama digirgir, wanda ake ɗauka na 'yan shekaru a ƙarƙashin wani farfesa. Sai masu kula da manhajojin da ke gudana kan babbar kwamfutar. A sama kuma malamai masu ɗakin bincikensu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ni da kaina na taɓa rubuta wasiƙa ɗaya, na kwafe ta na aika wa malamai da dama a jami'o'i daban-daban. Wallahi ko mutum ɗaya bai amsa ba. Daga baya na gane laifina ne: ban karanta aikin kowa a cikinsu ba, ban kuma nuna abin da hannuna ya taɓa yi ba.

Don haka ƙanina, ka riƙe lissafinka da kyau, musamman aljabara da kalkulas. Ka koyi Python, in ka samu dama ka ƙara da C++. Ka ɗauki ƙaramar matsala ka warware, ka ɗora a GitHub inda kowa zai gani. Sannan ka zaɓi farfesa ɗaya, ka karanta takardarsa, ka rubuta masa gajeren saƙo kan abin da ka fahimta. 'Yan'uwana mata, har da ku, don maza da mata duk ana ɗauka.

Gargaɗi na ƙarshe: guraben suna shafin jami'ar na intanet. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.