Madatsar Bakolori da 'Yancin Manomi a Gonarsa



Da zarar an ambaci illar fasahar masana'antu, hankali kan tafi ga hayaƙin biranen Turai ko malalar mai a Neja Delta. Ni kuwa a gida zan tsaya, a bakin kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, inda aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978. Abin da nake son kafawa shi ne, injin da ya ƙwace wa kogi tafiyarsa shi ne ya ƙwace wa manomi ta-cewa a gonar da ya gada.

Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi ginin, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. An tsara shayar da hekta kusan 23,000 don noman rani, musamman alkama da shinkafa. Tafkin da aka tara ya cinye hekta wajen 8,000, aka tashi mutane kimanin 13,000 daga garuruwansu. Diyya ta zo a makare, wasu ma ba su gan ta ba.

Waɗanda ruwa bai ci gonakinsu ba su ma ba su tsira ba. Katafila ta shiga ta baje ƙasa, ta tumɓuke itatuwa, ta share iyakokin da kowa ya san su tun kaka da kakanni. Manomi ya zauna damina ta wuce bai yi shuka ba, yana jiran a gama aiki. Da aka mayar masa da fili, sai ga sharaɗi: ga irin da za ka shuka, ga ranar da ruwa zai zo. Mutumin da a da yake duban sama da ƙasa ya yanke shawararsa, ya koma jiran umarnin ofis. Wannan, a ganina, ya fi asarar amfanin gona ciwo.

Manoman ba su yi shiru ba. Sun tare hanyoyi, sun tsayar da aiki. A watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje. Hukuma ta amsa mutuwar mutane kaɗan. Mutanen yankin sun ce ɗaruruwa ne. Allah Ya jiƙansu.

A ƙasan madatsar kuma, ambaliyar da ke jiƙa fadama kowace shekara ta ragu ƙwarai. Inda ake shinkafa aka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci, masunta da makiyaya suka rasa madogara. Babu wanda ya sa waɗannan mutane cikin lissafin aikin tun farko.

Ita kanta fasahar fa? Mafi yawan filin an ɗora shi ne a kan bututun feshi mai buƙatar lantarki da kayan gyara daga waje. Da famfunan suka tsaya, sashen ya mutu, domin babu maƙerin ƙauye da zai iya tayar da su.

Saboda haka nake roƙon wannan taro ya nemi a sa doka: kafin a datse kowane kogi, a zauna da manoman sama da na ƙasan ruwa, a biya diyya kafin katafila ta shiga gona, kuma rabon ruwa ya kasance a hannun ƙungiyoyin manoman da kansu.