Wankin Gwiwa: Yana Magani Kuwa?

Yau maganarmu a kan amosanin gwiwa ce, ciwon nan da ke hana dattawanmu durƙusawa a sallah.

Akwai aikin da ake kira wankin gwiwa. Likita zai huda gaɓar, ya ɗura ruwan gishiri mai tsabta, ya zuƙe shi, don ya fito da ɓarɓashin guringuntsi. A kunne abin yana da daɗin ji. To amma yana magani?

A shekarar 2002 likitoci a birnin Houston na Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji. Wasu majinyata an wanke musu gwiwa. Wasu kuwa fata kawai aka ɗan tsaga aka ɗinke, ba wanda ya san me aka yi masa. Aka bi su shekara biyu. Ku saurara da kyau: waɗanda aka wanke ba su fi samun sauƙi ba. Ba su fi ba a ciwo, ba su fi ba a tafiya.

Dalili? Guringuntsin ne ya lalace, ruwa kuma ba ya mayar da shi. In gaɓa ta yi mugunya, wannan daban ne, a nan wanki yana da amfani. Amma in amosani ne, Baba, Inna, kafin ku biya kuɗi ku tambayi likita batun atisayen ƙafa, rage ƙiba da maganin zogi.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani jiƙon.