Alƙalamin Ɗalibi a Matsayin Kayan Bincike: Jawabi ga Taron Reshe



Batun da ya tara mu yau shi ne yadda ƙagaggen rubutu, wato labari da waƙa da wasan kwaikwayo, zai zama hanyar binciken rayuwar mutane a wuraren zamansu. Taswira tana nuna inda Jakara ta ratsa birnin Kano. Takardar tambayoyi tana iya ƙidaya gidajen da ruwa ya ci da damina. Amma fargabar uwa idan hadari ya haɗo da tsakar dare, ko kewar dattijon da aka cike kududdufin unguwarsu aka gina shaguna a kai, ba su da gurbi a jadawali. Sau da yawa mutum yana jin nauyin faɗarsu kai tsaye, sai ya sanya su a bakin wani da ya ƙaga.

Wannan aiki gadonmu ne. A gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, malaman makaranta sun yi fice, cikinsu har da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littafin Tafawa Ɓalewa, *Shaihu Umar*, ƙagagge ne, amma har yau masana tarihi suna duba shi domin fahimtar yadda harin bayi da tafiyar ayari ta Sahara suka raba uwa da ɗanta.

To, yaya za mu yi a aji? Mu fita da ɗalibai zuwa wuri guda, kasuwa ko marina ko gindin badala, su duba, su saurara, su tambayi dattawa. Kowa ya rubuta labari da muryar wani mazaunin wurin. Sa'an nan mu jera rubuce-rubucen, mu ga abin da ya yi ta maimaituwa. Idan yara goma da ba su haɗa baki ba suka ambaci lungun da 'yan mata ke tsoron bi bayan magariba, mun sami bakin zaren da ya cancanci a bi shi. Daga nan sai tantancewa wurin mazauna da mai unguwa, domin labari yana nuna yadda aka ji ne, bai isa shaida a kan adadi ko rana ba.

Akwai amana a ciki. Mu nemi yardar iyaye, mu sakaya sunaye, kada kuma mu tilasta wa yaro karanta abin da ya shafi sirrin gidansu.

Unguwanninmu suna sauyawa a kan idonmu, dattawan da suka san asalinsu kuma suna ƙarewa. Muna roƙon reshe ya tanadi shafi guda a kowace fitowa ta wannan mujalla domin rubutun ɗalibanmu.

Allah ya yi mana jagora.