Tsirar Guringuntsi a Ɗakin Gwaji da Makomar Masu Ciwon Gwiwa



Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai mai zaizaye guringuntsi, kuma gwiwa ce ta fi kowace gaɓa shan wuya. Har yau hukumomin magunguna na Amurka da Turai ba su amince da wani magani a matsayin mai tsayar da wannan zaizaya ba, balle mai mayar da abin da ya cinye. Matsayina a wannan zama shi ne, binciken sinadaran da ke sa ƙwayoyin guringuntsi su hayayyafa ya cancanci goyon baya, amma da sauƙin da majinyaci ya samu ya kamata a auna shi, domin kaurin guringuntsi kaɗai bai isa shaida ba.

Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ba shi da jijiyar jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abinci, ƙwayoyinsa kuwa 'yan kaɗan ne, kowace a kulle cikin zaren kolajin da ta saƙa, ba ta iya matsawa zuwa inda rauni yake. Shi ya sa tun 1743 likitan nan William Hunter ya rubuta a Landan cewa idan ya lalace ba ya komawa. Wannan hukunci ne masu bincike suka tashi rusawa. A 2012 ayarin Peter Schultz a San Diego ya tantance sinadarai kusan 22,000, ya tsamo guda da aka sa wa suna kartogenin. Aikinsa shi ne ya karkatar da ƙwayoyin asali na ɓargo su rikiɗe su zama masu gina guringuntsi, kuma da aka yi wa ɓeraye allurarsa a gwiwa, lalacewar ta ragu. Sai dai ɓeran gwaji ƙarami ne mai jini a jika, da gangan aka ji masa rauni. Dattijuwar da gwiwarta ta yi shekara ashirin tana cinyewa ƙarƙashin nauyin jiki, lamarinta daban ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Gwajin sprifermin ya nuna tazarar da ke tsakani. Wannan furotin ne da ke zaburar da ƙwayoyin guringuntsi su yawaita. A gwajin FORWARD, wanda mujallar JAMA ta buga a 2019, an bibiyi mutum 549, hoton MRI kuma ya nuna cewa bayan shekara biyu guringuntsin waɗanda suka sami allura mafi yawa ya fi na masu allurar da ba magani a ciki kauri da kusan milimita 0.05. Amma ta fuskar zafi, bambancin bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa, guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi. Raɗaɗin daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa yake fitowa, da kuma tantanin gaɓa idan ya kumbura. Maganin tanezumab ya tabbatar da haka ta ɗaya gefen: ya rage zafi, amma gaɓoɓin wasu majinyata suka lalace da sauri, har kamfanonin Pfizer da Eli Lilly suka yi watsi da shi a 2021. Ke nan cutar ta gaɓa ce ɗungurungum.

Wani zai ce, tunda haka ne, ai asarar dukiya ake yi, gara a zuba kuɗin a tiyatar sauya gwiwa wadda amfaninta ya tabbata. Maganar tana da nauyi, amma ba ta gamsar ba. Tiyatar tana da tsada ƙwarai, likitocin ƙashi sun yi ƙaranci a ƙasashe irin namu, gwiwar ƙarfe kuma tana da wa'adi, don haka wanda aka yi wa yana ɗan shekara hamsin zai iya buƙatar ta biyu. Sannan sprifermin ya tabbatar da abin da aka daɗe ana ganin ba zai yiwu ba, wato guringuntsin baligi yana amsa magani. Da aka sake nazarin bayanan gwajin FORWARD, an ga alamar raguwar zafi a rukunin waɗanda cutarsu ta fi barazanar tsananta. Alama ce mai jiran sabon gwaji, amma ta koyar da cewa zaɓen majinyaci da lokacin ba da magani suna da muhimmanci kamar sinadarin kansa.

Wani kuma zai ce, in dai magani ya gina guringuntsi, me zai hana a sake shi kasuwa? Abin da zai hana shi ne, ba don hoto majinyaci ya zo asibiti ba. So yake ya hau matakala, ya yi sujada ba tare da cije leɓe ba. Ga kuma darasin glucosamine, wanda ake sayarwa da sunan mai gyara gaɓoɓi: babban gwajin GAIT na 2006 a Amurka bai nuna ya fi ƙwayar da ba magani a ciki rage zafi ga ɗaukacin majinyatan ba.

Saboda haka, kafin ɗakin gwaji ya cika alkawarinsa, abin da hujja ta tabbatar shi ne rage ƙiba, ƙarfafa tsokar cinya, da guje wa shan diclofenac barkatai, domin yana illa ga ƙoda da ciki. Ku kuma ɗaliban kimiyya, duk sinadarin da kuka ga ya tsirar da ƙwayoyi a kwalba, ku tambayi abin da zai yi wa ƙashi da kumburi da zafi kafin ku kira shi magani.